Bencin Baya

"Kai ne ka fara ɗaga hannu a hore ni, Baba! A gaban dattawan coci kaf!"

"Ni ne," in ji tsohon. "Ka sha ka bugu, ka fasa wa shugaban mawaƙa baki. Me kake so in ɗaga, ƙafa?"

"Ni fa ɗanka ne."

"Shi ma ɗan wani ne."

Haka aka sa saurayin a horo. Ba waƙa, ba cin gurasar jibin Ubangiji da ake rabawa a coci, zama kuma sai a bencin baya, kusa da tsintsiya da bokiti. Lahadi bayan Lahadi yana zaune shi kaɗai, yana kallon ƙeyar matan da suka goya shi yana yaro. Ko masu makara sun gwammace su tsaya da su raɓe shi. A gida ya daina gaida uban.

Ranar jibin Ubangiji, ana cikin waƙa, tsohon ya tashi daga kujerar dattawa. Ya ratso tsakiyar coci yana jan ƙafarsa mai ciwo, ya zauna a bencin kusa da ɗan har kafaɗunsu suka haɗu. Mai rabon gurasa ya iso, ya tsallake ɗan, ya miƙa wa uban faranti. Tsohon ya girgiza kai, farantin ya wuce su biyun.

Saurayin ya kalli ƙasa, ya yi raɗa.

"Baba, kai kuma me ka yi?"