Salkunan Gwarzo

Ƙarya masu fim ɗin nan suka shirga wa duniya, kuma suna sane. An faɗa musu gaskiya ƙiri-ƙiri, suka ce ba za ta yi kyau a kyamara ba.

Fim ne a kan wani saurayi da ya ratsa hamada shi kaɗai da raƙumi ɗaya, kwana arba'in, shekara talatin da suka wuce. Rabin rijiyoyin hanya sun ƙafe a shekarar. Amma duk inda ƙishirwa ta kai shi maƙura sai ya hangi duwatsu uku a jere, ya tona, ya tarar da salka cike da ruwa. A littafin da ya rubuta ya ce ayarin mutanen dā ne suka binne su suka manta. A farkon fim ɗin aka rubuta da manyan baƙaƙe: labarin gaskiya.

Yanzu ya yi furfura, ya ajiye tumbi. Kullum yana kan kujera kusa da darakta, ana kiransa Gwarzo, yana gyara wa jarumin fim yadda ake faɗuwa a kan rairayi.

Shi ya samo wa yayarsa aiki a wurin, ɗinkin salkunan da za a yi wasan da su. Ita ce babba a gidansu, ita mahaifinsu ya riƙa ɗorawa a raƙumi tun ba a haifi sauran ba. Tana ɗingishi, babu farce ko ɗaya a ƙafarta ta hagu, kuma ba ta son yawan magana.

Aka ba ta ɗaki a bayan sito, tebur ɗaya, basilla da fatun awaki. Takarda ta ce salka takwas. Ta ɗinka tara.

"Iya, kin yi ƙari," in ji mai kula da kaya.

"Takardarku ce ta yi ragi."

Aka yi dariya, aka ce tsufa ne.

Rigima ta tashi ranar da darakta ya ga salkunan. Sun yi masa sabunta da yawa. Ya ce a goga musu toka, a yayyage su, su zama kamar sun shekara hamsin a ƙasa.

Ta ce ba da hannunta ba.

"Salka gumi take yi, ɗana. Ka binne ta yau, jibi saura rabi. Bayan mako fata ce kawai, sai dai ka tauna."

"Iya, fim nake yi, ba jimar fata ba."

"To ga mai labarin nan zaune."

Ta ɗingisa har gaban kujerar Gwarzo, duk ma'aikata suna kallo. Shekara talatin ba ta taɓa neman komai a wurinsa ba, ko a gida ko a waje. A ranar kalma ɗaya take so.

"Auta." Sunan da ya fi tsana ke nan a gaban mutane. "Salkar da ka tona, sabuwa ce ko tsohuwa?"

Ya dubi fitilu, ya dubi jarumin da ke sanye da irin rigarsa, ya gyara zama.

"Tsohuwa ce, Yaya. Kin fara ruɗewa, je ki huta."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da darakta tana son ganinsa a ofis. Minti goma ƙofa a rufe. Ya fito yana share goshi, ya ce wa mataimakiyarsa fim ba ya ɗaukar jarumi biyu, a kawo toka.

Ta naɗe basillarta a tsumma. Suka ce ta yi haƙuri, za a sa sunanta a ƙarshe cikin masu ɗinki. Ta ce duk wanda ya sa sai ta kai shi ƙara. Ta fita da ƙafa, ta ƙi motarsu.

Fim ya fito, ya kwashi lambobin yabo. Mutane suna hawaye a daidai wurin da jarumi yake tona ƙasa da yatsu. Gwarzo ya hau dandamali ya ce babu abin da ya kai kaɗaici nauyi. Aka tafa masa a tsaye.

Ga abin da Yaya ta faɗa wa darakta a ofishin. Da Auta ya rantse sai ya tafi, uwarsu ta kwanta ta daina cin abinci. Yaya ta ce za ta je jinyar gwaggo. Ta kora raƙuma uku ta riga shi shiga hamada da yini guda, kwana arba'in tana gabansa, tana haƙa, tana binnewa, tana jera duwatsu, babu sawun kowa a gabanta. Duk mai musu ya taso ya faɗa mini: shi ya tarar da ruwa a binne, ita wa ya binne mata?