Ƙofar Baya a Ƙasan Dam

Da fari ya tsananta, ruwan dam ya janye, ƙauyen da aka nutsar shekara hamsin da suka wuce ya fito fili. Baƙi suka yi ta zuwa daga Landan suna ɗaukar hoton kufai.

Wata tsohuwa haifaffiyar ƙauyen ta sauko kan busasshen taɓo, ƙanenta yana riƙe da hannunta. Ga hanyar coci, ga rijiya, ga kututturen bishiyar tuffa, kowanne yana inda ta bar shi. Gidansu ba bango ba rufi, sai harsashi da dutsen dokin ƙofar gaba, wanda baƙi ke ta tsallakewa.

"Shiga mana, Yaya," in ji ƙanen. "Ko sai an kawo miki mabuɗi?"

"Ka ga amarya ko gawa a nan?" ta ce. "Su kaɗai Mama ke buɗe wa wannan ƙofa."

Ya yi dariya, amma shi ma bai taka ba.

Suka zagaya a hankali ta gefen bangon da babu shi, har ƙofar baya. Nan ta goge takalmanta, ta sunkuyar da kai kada ta bugi katakon saman ƙofa, kamar har yanzu yana nan, ta shiga.