Rigar da Ba a Ɗaga Ba

"Ke! Ina uwarki?" Inna ta ƙwala min kira daga wancan gefen Kogin Urdun.

Kogin bai fi faɗin tsakar gida ba, amma iyaka ce: soja a bayanta, soja a bayana. Ƙafafuna sun gaji. Tun safe nake bin ayarin masu ziyara cikin rana, ta kufan tsofaffin majami'u, har wurin da aka yi wa Almasihu baftisma.

Tun da yaƙi ya raba su, nan Mama da yayarta Inna suke ganin juna duk ranar idin baftisma. Kowacce takan tsoma farar rigar da za a binne ta da ita cikin ruwan, ta ɗaga sama tana tsokana: "Ga tawa, ban sa ba tukuna!"

Bana 'ya'yan Inna sun ɓoye mata labarin saboda ciwon zuciyarta. Ni suka bar wa faɗa.

Inna ta ɗaga rigarta, ruwan laka yana ɗiga. "Ko gwiwar ce ta hana raguwar saukowa? To ke ɗaga min rigarta in gani!"

Na buɗe hannuwana, babu komai.

"Ta sa ta, Inna."

Masu ziyara da ke waƙa a gefenta ba su tsaya ba. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta matse rigarta a hankali, ta ninke.

"Marar kunya," ta ce. "Ni ce babba fa."