Dagal ɗin Usta Na'ibi

Karo na uku ke nan da dagal ya karye, kuma a wannan karon Khawaja da kansa ne ya faɗa ruwa har da tabarau.

Dagal ita ce doguwar sandar da ake ɗaura wa zanen iska a ƙaramin jirgin ruwa. Jirgin na wani injiniya Bature ne da ake kira Khawaja, tsohon kwalekwalen katako da ya taho da shi daga ƙasarsu, yana ji da shi kamar ɗan fari. Salihu ne mai kula da shi a Abhur, can bakin teku a wajen gari. Hajji ya kawo shi Jidda, aure ya zaunar da shi, iƙamarsa kuwa, wato takardar izinin zama, tana hannun kamfanin Khawaja.

Da aka tsamo Bature, bai yi doguwar magana ba. "Ya sake karyewa, halas," in ji shi, ruwa na ɗiga daga gashin bakinsa.

Kayan irin wannan jirgi ba a sayar da su a Jidda. Lokacin da dagal na asali ya ruɓe, Salihu ya karaɗe masu katako na unguwar Bagdadiyya, kowa ya nuna masa itacen da sai raƙumi zai ɗauka. Matarsa Mastura ce ta cece shi. Ta ce akwai kawunta a unguwar Kurayyat, Usta Na'ibi, tsohon maƙerin jiragen ruwa, a gidansa ta tashi. Sai dai tsohon yana da hali: ba ya son ganin masu kawo aiki, ba ya son gaggawa, saƙo kuma sai ta hannunta.

Aikin Usta abin kallo ne. Santsi, rashin nauyi, ga ƙarafan tsohon dagal ya mayar da su daidai kamar da su aka haifi itacen. Aibinsa ɗaya, ba ya daɗewa.

Gaskiya dai Salihu bai cika baƙin ciki da karyewar farko da ta biyu ba. Abhur da nisa, motar gari sai an dace, yakan yi watanni bai leƙa gida ba, Mastura ta yi mita har ta gaji ta daina. Amma in dagal ya karye, dole a sallame shi ya je nema. Ya iso ya tarar da ita da sabon lalle, ga kifi da shinkafa, kamar mai duba. Ya yi kwanaki yana miƙe ƙafa, Usta yana jan aikinsa. Abin da kawai ya rasa shi ne barcin saman soro, don ta ce rufin ya tsage, kada ya hau. Sai wata safiya a ga amalanke a ƙofar gida da sabon dagal.

Yanzu kam wasa ya ƙare. Wannan bai ma yi rabin kwanan 'yan'uwansa ba, iskar arewa ta gama da shi.

Salihu ya saɓi guntun, ya kai wa wani maƙerin jirage a bakin teku. Mutumin ya jujjuya shi, ya sa farce ya ciro wani ɗan toshi, sai ga rami ya bayyana a cikin itacen.

"Wallahi wanda ya yi wannan gwani ne," in ji shi. "Kuma da gangan ya huda. Ya san lokacin da yake so ya karye."

Ran Salihu ya ɓaci ƙwarai. Wato tsohon nan da abincinsa yake wasa. Bai bi ta gida ba, ya zarce Kurayyat da guntun a kafaɗa, yana tambayar gidan Usta lungu-lungu. Matasa suka ce ba su san shi ba. A ƙarshe ya sami wani dattijo mai gasa tsire, Abdulghani, wanda ya ɗago ya dube shi da kyau.

"Na'ibi? Allah ya jiƙansa. Ai tun kafin ka sauka a jirgi muka kai shi. Yalla, ka ci tsire ko ka ba ni wuri."

Salihu bai ci tsire ba. Ya kama hanyar gida, zuciyarsa na tafasa. In Usta yana kabari, to wane ne wannan kafintan da matarsa take ɓoyewa, wanda ba ya son ganin maza? Kafin ya kai ƙofa ya riga ya zana masa fuska, ya ba shi ƙuruciya da dogon hanci, ya kuma tsane shi.

Gidan shiru. Babu ƙamshin kifi, murhu ko hayaƙi babu. Sai daga sama ya ji ƙarar ƙarfe yana cin itace, a hankali, cikin natsuwa, a kan soron da aka ce ya tsage.

Ya tuɓe takalmi. Ya gyara riƙon guntun dagal. Ya hau matakala yana ɗauke numfashi, ya sa kafaɗa ya banke ƙofar.

Mastura ce zaune a kan sabon itace, zane ɗaure a ƙugu, garin katako har gira, tana murza abin huji daidai inda na baya suka karye. Ta dube shi, ta dubi guntun da ke hannunsa, ta ɗan ɓata fuska. "Ka yi sauri, maigida," in ji ta. "Ni sai bayan Sallah na shirya maka dawowa."