Tudun Ƙofar Suruki

Sallau ya kashe motarsa a kan tudun bayan gari, ya tokare tayar da dutse, sannan ya taka a ƙasa zuwa gidan surukinsa a cikin Dakko. Haka yake yi duk zuwa. Motar ta daɗe da daina tashi da makulli, sai an tura ta ko ta samu gangara. Amma duk wanda ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce:

"Haba, ni in kawo mota har ƙofar Baba? Ina ladabi?"

Yau ya iso yana zufa, ya tarar da surukin, Alhaji Lauwali, zaune da dattawan unguwa. A gefen zaure an tara jar ƙasa tuli guda, an daɓe ta sumul. Ya durƙusa aka gaisa, aka tambayi mutanen Mafara inda ya fito, aka tambayi gajiya.

"Baba, gini za a yi ne?"

"A'a, Malam Sallau, wannan naka ne. Daga yau ka hau nan ka aje ta. Gangarar ta kai har bakin hanya, kana sakin birki za ta tashi. Wagga tafiyar ƙasa ta isa haka."

Sallau ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Zakiyya ce ta gaya muku?"

"Matarka ba ta ce komai ba. Ka yi wa dattawan nan godiya, kowannensu ya kawo kwandon ƙasa."