Yarinyar da Ba a Kiran Sunanta

Ga misali ga iyayen da ke rantsuwa cewa waya ce ta lalata 'ya'yan zamani.

An yi wata yarinya 'yar sakandare, 'yar fari a ɗakin uwarta, wadda aka raɗa wa sunan kakarta ta wajen uba, Hansatu. Sai sunan ya zama kamar tukunyar da aka kife a bayan ɗaki: kowa ya san da ita, ba mai taɓa ta. Uban ba ya iya furta sunan mahaifiyarsa, sai dai ya ce "Uwata". Uwar kuwa kunya biyu ce ta haɗu mata, ta 'yar fari da ta suruka, don haka tun yarinyar tana goye ba ta taɓa kiranta da abin da ya wuce "ke" ba, in a gaban mutane ne ma ko inda take ba ta kallo. Matan unguwa suna yabawa, suna cewa wance ta san kara. Yarinyar ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, har waya uban ya saya mata saboda karatu. Ranar da ta buɗe shafinta na sada zumunta aka nemi suna, ta rubuta na yanka, ta daɗe tana kallonsa kamar ɗan'uwan da take jin labarinsa ba ta taɓa gani ba.

A can ta gamu da wata mai tallar man gashi, wadda 'yan mata ke ce wa Anti. Kullum sai Anti ta rubuto: "Hansatu, kin tashi lafiya? Hansatu, ya karatu?" Wanda ya daɗe da ƙishirwa ba ya tambayar wa ya haƙa rijiya. Yarinyar ta faɗa mata makarantarsu, da layinsu, da zafin zuciyar babanta. Da Anti ta ce ta tsefe kanta ta ɗauki hoto ba ɗankwali, don a gane irin man da zai karɓe ta, sai ta yi jim. Anti ta rubuto: "Haba ƙanwata, mace da mace ina abin ɓoyo?" Ta tura. Amsar da ta dawo murya ce, muryar ƙaton namiji, yana dariya. Ya ce ya riga ya ɗora kanta a kan hoton wani jiki tsirara da ba nata ba: ko ta zo ta same shi inda zai kwatanta mata, ko hoton ya shiga kowace waya a layinsu kafin Juma'a.

Ba ta je ba. A riƙe wannan da kyau, domin daga baya ba wanda ya tuna da shi. Ta yi abin da ake cewa yaro ya yi, ta nemi babba. Ta iske uwarta a tsakar gida tana tsinkar zogale tare da wata maƙwabciya, ta durƙusa, ta ce tana da magana.

Uwar ba ta ɗago ba. "Ke, tashi ki ba mutane wuri. Ni abokiyar hirarki ce? In magana ce, ki kai wa gwaggonki."

Maƙwabciyar ta tuntsire da dariya. "Kai, maman yara, wannan kara taki! Ina 'yan yanzu masu rungumar 'yan farinsu a gaban surukai? Su zo su ga tarbiyya."

Gwaggon kuwa irin matan nan ce da magana ba ta kwana a cikinsu, faɗa mata daidai yake da shela a kasuwa. Sai yarinyar ta tari uban a zaure yana jingine babur. Ya washe baki ya ce, "Uwata ta kaina! Ke kam ba ki taɓa sa ni sunkuyar da kai ba, Allah ya yi miki albarka." Jin haka sai ta fasa faɗa masa. Ta karɓi ledar hannunsa ta shige ciki.

Hoton ya fita. Wanda ya gani ya yi salati ya tura wa na gaba, shi ma ya yi salati ya tura. Dattawan da ba su iya buɗe saƙo ba sai da suka sa aka buɗe musu, wai don su ga lalacewar zamani da idonsu. Ba wanda ya lura cewa fatar fuskar da ta wuyan ba launi ɗaya ba ne. Ba wanda ya tambayi wane ne mutumin, balle a kai ƙararsa. Shafin Anti na nan yana tallar mai, yana gaishe da 'ya'yan wasu. Uban ya ragargaza wayar da taɓarya, ya cire yarinyar daga makaranta ana daf da jarrabawar fita, jama'a suka ce ya yi maganin abin.

A ranar uwar ta ajiye kara. A gaban matan da suka cika gidan da sunan jaje, ta dubi 'yarta ido cikin ido, ta yi mata magana mafi tsawo da ta taɓa yi mata tun haihuwa, kuma daga farko har ƙarshe Allah-wadai ce. Da numfashinta ya ƙare, ta fashe da kuka ta ce, "Ina cikin gidan nan, ina raye, me ya hana ki faɗa mini?"

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi maƙwabciyar, wadda ta kau da kai tana gyara ɗaurin zani. A gidan aka koya wa yarinyar shiru, kuma ta iya.

Mugu mugu ne, Allah ya saka wa yarinyar nan. Amma kafin a ɗora wa 'ya laifin buɗe wa baƙo ƙofa, masu gida su zagaya su dubi gininsu, domin Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.