Ɓarawon Man Motar Mushe Lawali

Lita arba'in aka zuba ranar Litinin, ranar Alhamis allurar mai ta kwanta. Karo na biyar ke nan.

Mushe Lawali, kamar yadda ake kiran manyan 'yan boko da Faransanci, ya dubi allurar, sannan ya dubi shofer ɗinsa Chaibou, irin kallon da ake yi wa kashin kaza a kan tabarma.

Soja ne suka turo Mushe daga Yamai shekarar da damina ta ƙi, wai ya kula da rabon cimaka a Agadas. Hatsin bai iso ba, amma motarsa ta iso. Irin mai aiki da mai da batir ce, in tana tafiya a hankali ko tarinta ba ka ji. A gilashin baya ya sa an rubuta sunan mahaifiyarsa da manyan baƙaƙe: ALBARKAR HAJIYA TABAWA. Shanu na faɗuwa a hanyar Ingall, shi kuwa ba shi da hira sai ta cewa daga Yamai har nan sau ɗaya tak ya ƙara mata mai.

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Sai dai tun da motar ta kwana a Agadas ta sake hali. Injin da ya saba yin shiru ya bar wa batir aiki ya daina hutawa, ko a tsaye take yana ta gurnani.

Mushe bai sha wahalar neman dalili ba, don tun kafin ya sauka ya gama yanke wa garin hukunci. 'Yan raƙuma ne, in ji shi, jahilai masu camfi. Ba ya cin abincin kowa, ba ya ba kowa hannu. Kujerar baya ta dama ita ce fadarsa, ko shara bai yarda a yi masa a wurin ba, wai kada a shafa masa warin awaki.

Shi kuwa Chaibou shekara talatin ya yi yana jan babbar mota zuwa Bilma, hanyar da ake damƙa wa shofer man tafiya da ruwan mutum hamsin, ba a taɓa cewa ya ci ko ɗigo ba. Amma yana da layu a damtse, surukinsa kuma na sayar da mai a kwalabe a bakin tasha. Wannan ya ishi mai ilimin Yamai hujja.

Mushe ya sa kwaɗo a murfin tanki, ya rataya makullin a wuya. Ya sa aka cika ƙafafun da iska, aka sauke jarkokin ruwan da tsohon ke ajiyewa a baya. Ya hana shi kunna sanyi in shi kaɗai ne a ciki, a wannan zafin da ke narka takalmi. Mai bai fasa tafiya ba.

Sai ya kira jandarma. A wancan lokacin takarda guda daga mutumin soja ta isa ta kai mutum kurkuku, kuma an riga an rubuta ta. Ma'aikatan biro, wato ofishin rabon, suka fito, masu jiran hatsi suka taso daga inuwa. Chaibou na tsaye da rawaninsa, kunya ta hana shi ɗaga ido.

Ajidan ɗin da ya zo, babban jandarman, ɗan gari ne, ya san tsohon. Ya ce kafin ya tafi da shi a kira Alkasum, wanda ya koyi gyaran irin waɗannan motoci a Libiya.

"Ku kira duk wanda kuka ga dama," in ji Mushe. "Amma wanda aka kama, sai ya ruɓe a ciki. Kowa ya zama shaida."

Alkasum ya zo da mai har gwiwar hannu. Ya leƙa ƙarƙashi, ba yoyo. Ya duba inji, lafiya lau. Sai ya buɗe ƙofar baya ta dama ya durƙusa.

"Kai! Hannunka da datti!" in ji Mushe.

Alkasum bai ko waiwayo ba. Ya ɓalle wata 'yar raga a gefen kujera, ya zura yatsu, ya jawo wani abu da ƙyar. Laya ce, katuwa kamar tafin hannu, ɗinke da jar fata, ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu.

"Ga ɓarawonku," ya ce. "Ta wannan ƙofa batir ke shan iska. An toshe masa hanci, ya yi zafi, ya ƙi aiki, inji ya ɗauki kayan shi kaɗai. Wanda ya cusa wannan shi ya sha man."

Idanu suka koma kan damtsen Chaibou. Wata mata ta yi salati.

"Kun gani ko?" Muryar Mushe ta yi sama. "Aikin jahilci! A jefar da ƙazantar nan, ku tafi da shi."

Ajidan ya kama hannun tsohon. A nan ne Chaibou ya ɗaga kai, karo na farko.

"Ajidan, ɗana, malami ba ya rubuta laya sai ya sa sunan mai ita da na uwarsa. A farke ta. In sunana ne, ni zan kai kaina."

Mushe ya ce ba shi da lokacin wasan yara. Ajidan ya riga ya zaro wuƙa. Ya farke layar, ya warware takardar da ke ciki ya miƙa wa wani dattijo cikin masu jiran hatsi, wanda ya yi sati uku yana zarya a ƙofar biron. Dattijon ya gyara tsayuwa, ya karanta a hankali, da ƙarfi yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Tsari daga sharrin mutanen Agadas, na Lawali ɗan Tabawa."